Tafiya da Komowa: Yadda Aka Gina Wasu Sassan Attaura, Zabura da Linjila

Duk wanda ya zauna da labarin ruwan Ɗufana a Littafin Farawa, daga sura ta 6 zuwa ta 9, ya riƙa rubuta adadin kwanakin da ake ambata a gefen takarda, zai ga lissafin ya jeru ta hanyar da ba ta yi kama da dace ba. An ce saura kwana 7 ruwa ya sauko, aka sake cewa bayan kwana 7 ruwan ya zo, sai kwana 40 na ambaliya, sai kwana 150 da ruwa ya yi yana rufe da ƙasa. Daga nan lissafin ya juyo da baya: kwana 150 kafin ruwa ya ragu, kwana 40 kafin Nuhu ya buɗe tagar jirgi, kwana 7 kafin ya sake sakin kurciya, da wani kwana 7 kafin ya sake ta a karo na ƙarshe. Wato 7, 7, 40, 150, sannan 150, 40, 7, 7. A daidai mahaɗar 150 ɗin nan biyu, a aya ta farko ta sura ta 8, akwai gajeriyar jimla da take cewa Allah ya tuna da Nuhu. Kafin wannan jimla ruwa hawa yake yi, bayanta kuwa sauka yake yi har ƙasa ta bushe.

Masana suna kiran wannan gini kiyazmus, ni kuwa zan kira shi tsarin tafiya da komowa, domin haka yake aiki. Wanda ya tashi daga Maraɗi zuwa Katsina zai wuce Danja, ya wuce Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka ya shiga Jibiya, sannan ya isa Katsina. Idan ya gama abin da ya kai shi ya juyo, Jibiya ce zai fara tararwa, sai Ɗan Isa, sai Danja, sai gida. Garin da ya wuce a ƙarshe shi ne na farko a dawowa, kuma wurin da ya juya ba ya da abokin tagwaitaka. Marubutan Ibraniyawa, da marubutan Linjila da suka tashi a cikin karatunsu, sun yi amfani da wannan hanya a jimla guda, a waƙa guda, wani lokaci har a surori da yawa a jere. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, tsarin gaskiya ne, yana nan a wurare da dama ba tare da wata tababa ba, kuma yana gyara wa mutum karatu. Amma ba ya nan a duk inda masu sha'awarsa suke cewa sun gan shi, kuma ba ya iya ɗaukar duk kayan da ake ɗora masa.

Mu koma kan jirgin Nuhu, domin akwai abin da ya fi lissafin kwanaki. A shekarar 1978 wani masanin Tsohon Alkawari ɗan Ingila, Gordon Wenham, ya nuna cewa labarin duka, daga 6:10 zuwa 9:19, yana naɗewa a kan wannan jimla ta tsakiya. An buɗe da sunayen Shem, Ham da Yafet, an rufe da su. An yi alkawari kafin ruwa, an tabbatar da alkawari bayan ruwa. An ba da umarnin shiga jirgi, an ba da umarnin fita. Duwatsu sun nutse a sura ta 7, kawunan duwatsu sun bayyana a sura ta 8. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta kwanan wata. Ruwan ya fara ne ranar 17 ga wata na biyu, jirgin kuma ya tsaya a kan duwatsun Ararat ranar 17 ga wata na bakwai, wato wata biyar cif, kwana 150 idan kowane wata kwana 30 ne. Ma'ana, kwana 150 da aka ambata sau biyu ba kwana 300 ba ne, lokaci guda ne aka faɗa a wannan gefe aka sake faɗa a wancan. Haka ma kwana 7 na farko da na biyu, mako guda ne. Mai ba da labari bai da wata buƙatar maimaita su sai idan yana so ma'aunin ya daidaita. Duk da haka ba kowa ne ya sallama wa Wenham ba. John Emerton na Jami'ar Kambirij ya rubuta raddi, ya nuna cewa an ambaci kwana 40 fiye da sau ɗaya a rabin farko, kuma sai an zaɓi wasu abubuwa an kau da kai daga wasu kafin matakai 31 da Wenham ya jera su fito sumul. Ina ganin yana da gaskiya a kan ƙananan matakan, amma ƙashin bayan ginin bai motsa ba.

Wurin da babu gardama shi ne gajerun jimloli. A Farawa 9:6 kalmomi shida ne a Ibrananci, shofek dam ha'adam, ba'adam damo yishafek, wato wanda ya zubar da jinin mutum, ta hannun mutum jininsa zai zuba. Zubarwa, jini, mutum. Mutum, jini, zubarwa. Jimlar da kanta tana yin abin da take faɗa, domin laifin ya fita ya komo kan mai shi ta hanyar da ya bi. A Ishaya 6:10 an ce wa annabin ya taurara zuciyar jama'a, ya toshe kunnuwansu, ya rufe idanunsu, don kada su gani da idanunsu, su ji da kunnuwansu, su gane da zuciyarsu. A Markus 2:27 Yesu ya ce an yi Asabar ne domin mutum, ba a yi mutum domin Asabar ba. Ko labarin ƴaƴan Adamu a Farawa 4 haka aka tafiyar da sunayensu: an haifi Kayinu, an haifi Habila, Habila ya zama makiyayi, Kayinu ya zama manomi, Kayinu ya kawo baiko, Habila ya kawo nasa, aka karɓi na Habila, aka ƙi na Kayinu.

Dalilin wannan ɗabi'a ba boyayye ba ne. An rubuta waɗannan littattafai ne domin a karanta su da murya a gaban jama'ar da mafi yawansu ba su riƙe da kwafi a hannu. Tsofaffin kwafin Sabon Alkawari na Helenanci, irin wanda aka samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i, wanda aka rubuta a ƙarni na 4, ba su da ko tazara tsakanin kalma da kalma, balle lambar aya. A irin wannan hali kunne ne yake gane inda zance ya fara da inda ya ƙare, kuma babu abin da yake sanar da kunne cewa an kusa saukewa kamar jin kalmomin farko suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Na ga haka da idona a wani karatun yammacin Laraba a majami'armu. Wani saurayi yana karanta ayar Ishaya ɗin nan a hankali, yana bin layi da yatsa, da ya kai kan idanu karo na biyu sai wata tsohuwa da take zaune a kan tabarma a gefen mata, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, ta riga shi da ƙaramar murya, ta ce kunnuwa, ta ce zuciya. Bayan an tashi ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ashe kin haddace wurin nan?" Ta ce, "A'a, ɗana, ban haddace ba, na dai ji inda maganar ta nufa." Mu da muke karatu da ido, muna tsalle daga aya zuwa aya a wayar hannu, mun fi ta asarar wannan ji.

Amfanin sanin tsarin yana fitowa fili a inda ma'ana ta rikice. A Matiyu 7:6 an ce kada a ba karnuka abu mai tsarki, kada kuma a zuba lu'ulu'u a gaban aladu, don kada su tattake shi da ƙafafunsu, su juyo su yayyage ku. Wanda ya karanta jimlar a miƙe zai ɗauka aladun ne suke tattakewa su kuma yayyage mutum. Idan aka bi ta da tsarin komowa sai kowa ya koma kan aikinsa: aladu, waɗanda aka ambata a ƙarshe, su ne masu tattakewa, karnuka kuma, waɗanda aka fara ambata, su ne masu juyowa su yi cizo. Wannan ba ya canza wata aƙida, amma yana mayar da jimlar ta zama maganar wanda ya san halin dabbobi.

Misalin da ya fi wannan nauyi yana cikin Amos 5:1-17. Akwai ayoyi biyu a tsakiyar wurin, ta 8 da ta 9, da suke yabon wanda ya halicci taurari, mai mayar da duhu safiya, mai kiran ruwan teku ya zuba shi a kan ƙasa, kuma sun faɗo ne a tsakiyar zargin da annabin yake yi wa masu danne gaskiya a wurin shari'a. Masana da yawa sun daɗe suna ganin ayoyin ba a wurinsu suke ba, wani ne ya cusa su daga baya ya katse zancen. A 1977 Jan de Waard, wani masanin fassara ɗan ƙasar Holan, ya nuna cewa wurin yana da tsari: makoki a farko da makoki a ƙarshe, kira a nemi Ubangiji a rayu da kira a nemi nagarta a rayu, zargin zalunci kafin yabon da zargin zalunci bayansa, sai yabon a tsakiya inda aka ce Ubangiji ne sunansa. Abin da aka ɗauka kutse ne ashe shi ne ginshiƙin ɗakin. Kuma a cikin ayoyi na 4 zuwa 6 akwai ƙaramin zobe, wato ƙaramin tsarin komowa, a cikin babba: ku neme ni ku rayu, kada ku nemi Betel, kada ku shiga Gilgal, kada ku haye Biyersheba, Gilgal za ta tafi bauta, Betel za ta zama banza, ku nemi Ubangiji ku rayu.

Turawa sun daɗe kafin su fara nazarin abin a Littafi Mai Tsarki. Johann Bengel na Jamus ya yi nuni da shi a sharhinsa na 1742, Robert Lowth ya buga laccocinsa na Okasfod a kan waƙar Ibraniyawa a 1753, John Jebb a 1820 da Thomas Boys a 1824 suka faɗaɗa binciken, sannan Nils Lund a Amurka ya tattara shi a 1942 ya kafa masa ƙa'idoji. Malaman Yahudawa kuwa tun da daɗewa suke tattauna irinsa. A cikin Talmud, babban kundin muhawarar malamansu, a farkon sashen da ake kira Nedarim, sun tsaya suna tambayar dalilin da ya sa Mishna, tsohon littafin dokokinsu da suke sharhi a kai, takan jero abu biyu sannan ta fara bayani da na ƙarshe. A ƙarni na 20 wani malaminsu, Moshe Seidel, ya lura cewa idan wani nassi zai ɗauko maganar wani nassi da ya gabace shi, sau da yawa yakan juya jerin kalmomin. A Farawa 27:29 Ishaku ya ce la'ananne ne mai la'antarka, mai albarka ne mai sa maka albarka; a Littafin Ƙidaya 24:9 maganar ta dawo a bakin Bal'amu, amma albarka ce a gaba, la'ana a baya.

Zabura ta 67 ita ce wadda Yahudawa suka fitar da tsarinta har ido ya gani. Idan aka cire kanun da yake samanta, ayoyi 7 ne, kuma adadin kalmominsu a Ibrananci shi ne 7, 6, 6, 11, 6, 6, 7, jimla 49. Aya ta 3 da ta 5 iri ɗaya ce kalma da kalma, roƙo ne cewa al'ummai su yabi Allah, dukansu su yabe shi; ta farko da ta ƙarshe suna maganar albarka; ta tsakiya, wadda ta fi kowace tsawo, tana cewa al'ummai su yi murna domin Allah yana yi musu shari'a da gaskiya. Saboda haka ake rubuta wannan zabura da siffar alkuki mai rassa bakwai, irin wanda aka umarci Musa ya ƙera a Fitowa 25, doguwar ayar ta zama sandar tsakiya, sauran shidan su zama rassa uku a kowane gefe, a rataye a majami'unsu ko a sa a littafin addu'a. Suna kuma karanta ta a kwanaki 49 da suke ƙirgawa tsakanin Idin Ƙetarewa da Idin Makonni.

A manyan sassa kuwa, wanda na fi amincewa da shi shi ne na Daniyel, domin harshen da kansa ya shata masa iyaka. Littafin ya fara da Ibrananci, amma daga 2:4 zuwa ƙarshen sura ta 7 da Aramiyanci aka rubuta shi, kuma waɗannan surori shida sun tsaya biyu-biyu kamar yadda wani masani mai suna Lenglet ya nuna a 1972. Sura ta 2 da ta 7 duka wahayi ne na mulkoki huɗu da za su shuɗe kafin mulkin Allah ya tsaya, ɗaya da siffar gunki mai ƙarfe iri-iri, ɗaya da siffar namun daji huɗu. Sura ta 3 da ta 6 duka labarin bayin Allah ne da suka ƙi bin dokar sarki, aka jefa uku a tanderun wuta, aka jefa ɗaya a ramin zakuna, aka kuma kuɓutar da su. Sura ta 4 da ta 5 duka hukunci ne a kan sarki mai girman kai, sai dai Nebukadnezzar ya ƙasƙantar da kansa aka mayar masa da sarautarsa, Belshazzar kuwa bai yi ba, aka kashe shi a daren. Wannan yana bayyana abin da yake ɗaure wa mai karatu kai, wato dalilin da ya sa sura ta 7, wadda ta faru a farkon mulkin Belshazzar, ta zo bayan sura ta 5 da ta ba da labarin mutuwarsa. Ba jerin shekaru marubucin yake bi ba. Littafin Esta ma haka yake juyawa a sura ta 6, daren da barci ya ƙaurace wa sarki: zoben hatimin da aka ba Haman, maƙiyin Yahudawa, a sura ta 3 ya koma hannun Mordekai Bayahude a sura ta 8, liyafar Esta ta farko tana gaban wannan dare, ta biyu tana bayansa, makokin Yahudawa ya zama biki. Littafi ne da bai ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba a nassinsa na Ibrananci, kuma ina ganin ginin ne aka bar wa aikin faɗin abin da baki bai faɗa ba.

Na taɓa kai wannan zance zauren wani dattijon maƙwabcinmu da yake karantar da ɗalibai nahawu da balaga bayan sallar asuba. Na karanta masa ayar karnuka da aladu, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ko akwai irin wannan a wajenku?" Ya yi murmushi ya ce, "Mushe, ai wannan laffu wan-nashru ne, wanda ba a jere ba," ya kuma jawo mini aya ta 106 da ta 107 na Suratu Ali Imrana, inda aka ambaci fuskokin da za su yi fari da waɗanda za su yi baƙi, sannan aka fara bayani da masu baƙin, aka rufe da masu farin. Malaman balaga na Larabci sun daɗe da waɗannan babobi. Tun a shekarar 887 Ibnul Mu'utazz ya lissafa mayar da ƙarshen magana kan farkonta a cikin adon zance. A zamaninmu wasu masu bincike, irin su Michel Cuypers da ya yi aiki a kan Suratul Ma'ida, suna neman irin wannan gini a dogayen surori, kuma mutane da yawa sun lura cewa ayar da ta kira Musulmi al'umma matsakaiciya ita ce ta 143 a cikin ayoyi 286 na Baƙara. Amma dattijon ya ƙara da wata magana da ta zauna mini, ya ce ɗalibin da ya koyi babi ɗaya na balaga yakan riƙa ganinsa a kowane shafi, sai an tsawata masa.

Wannan cuta ta kama mu ma. Tun da littattafai da bidiyoyin intanet suka yawaita a kan batun, sai ka ga matashin mai wa'azi ya cika allo da haruffa, A, B, C har zuwa K, ya sauko da su ta ɗaya gefen, ya zana da'ira a tsakiya ya ce ga saƙon da aka ɓoye. Idan ka buɗe nassin sai ka tarar kanun da ya ba kowane sashe shi ne ya ƙirƙire su, kuma ya ƙirƙire su ne don su dace da juna: wannan sashe ya kira shi biyayya, wancan ma ya kira shi biyayya, alhali ɗaya aya biyu ne, ɗaya aya talatin, kuma babu kalma ko ɗaya da suka yi tarayya a kai. Da irin wannan dabara ko takardar sayen fili za a iya mayar da ita zobe. Manyan masana ma ba su tsira ba. Doguwar tafiyar Yesu zuwa Urushalima a Luka, wadda ta fara daga 9:51, mutane da dama sun zana mata tsarin komowa, Kenneth Bailey ya sa tsakiyarta a ƙarshen sura ta 13, wasu suka sa ta a wani wuri dabam, kuma idan ƙwararru suka kasa haɗuwa a kan inda zobe ya juya, to akwai alamar cewa zoben a kawunansu yake. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Kalmomin nassin da kansu ne suke dawowa, ko kuwa taƙaitawar mai sharhi ce? Iyakar sashen a bayyane take tun kafin a fara zane, kamar yadda Aramiyanci ya shata ta a Daniyel, ko an yanke ta ne a inda zanen zai yi kyau? Nawa aka bari a waje ba a lissafa ba? Kuma mai sauraro da kunne zai iya kama shi, ko sai mai kwamfuta?

Akwai kuma wata magana da ake maimaitawa kamar doka, cewa tsakiyar zobe ita ce kullum zuciyar saƙo. A labarin Nuhu da Amos haka ne, amma Littafin Firistoci 24:13-23 ya nuna ba kullum ba. Wurin zobe ne mai kyau: Ubangiji ya yi wa Musa magana, a fitar da mai saɓo bayan zango, doka ɗaya ce ga baƙo da ɗan ƙasa, wanda ya kashe mutum, wanda ya kashe dabba, wanda ya yi wa maƙwabcinsa rauni, sai karaya a bakin karaya, ido a bakin ido, haƙori a bakin haƙori a tsakiya, sannan rauni, dabba, mutum, baƙo da ɗan ƙasa, fitarwa bayan zango, da cika umarnin da aka ba Musa. Sai dai shari'ar da ta jawo maganar duka ta wani mutum ce wanda uwarsa Ba'isra'iliya ce, ubansa Bamasare, aka rasa ko dokar ta hau kansa. Amsar wannan tambaya ba a tsakiya take ba, tana cikin jimlar da aka faɗa sau biyu, cewa baƙo da ɗan ƙasa hukuncinsu ɗaya. Wanda ya ruga tsakiya ya yi wa'azi a kan ido a bakin ido ya wuce abin da aka zo yankewa.

Abin da na fi ƙi shi ne mayar da tsarin makamin gardama. A garin da Kirista da Musulmi suke cin kasuwa ɗaya, suke zuwa sunan juna da jana'izar juna, nakan ji matasa daga ɓangarorin biyu suna cewa irin wannan daidaito hujja ce da ba ta da amsa cewa littafinsu daga sama yake. Mai imani yana da dalilansa na imani, kuma ban zo in taɓa su ba, amma wannan hujja ba ta tsayawa da ƙafarta, domin tsoffin al'ummai da yawa sun yi gini haka. Doguwar waƙar Homer, tsohon mawaƙin Helenawa, ta yaƙin Turoya ta buɗe da tsoho ya zo sansanin Helenawa da fansa yana roƙon a ba shi ƴarsa aka kore shi, ta rufe da wani tsoho ya zo wannan sansani da fansa yana roƙon gawar ɗansa aka ba shi. Mary Douglas, masaniyar al'adu ta Ingila, ta rubuta littafi guda a 2007 a kan yaɗuwar wannan salo a tsakanin al'ummai. Haka kuma tsarin ba ya yanke tsohuwar muhawarar ko mutum ɗaya ne ya rubuta labarin Ɗufana ko an haɗa shi ne daga majiyoyi biyu, muhawarar da ta taso daga abubuwa irin su dabbobi biyu-biyu a 6:19 da bakwai-bakwai na masu tsarki a 7:2. Abin da zoben ya tabbatar shi ne, hannun da ya ba labarin siffarsa ta ƙarshe ya san abin da yake yi.

Inda batun ya shafe mu kai tsaye shi ne fassara da yadda muke yanka karatu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka sake fassara shi a 1979, kuma a nan Nijar da yawa daga cikinmu suna haɗa shi da fassarar Faransanci ta Louis Segond. Kowane mai fassara yana tsakanin abu biyu: ya sa jimla ta zauna daidai a bakin Bahaushe, ko ya kiyaye jerin asali. Sau da yawa Hausa tana iya ɗaukar duka biyun, kamar yadda ayar jinin mutum ta nuna a sama, amma idan mai fassara ya ga kalma ta maimaitu ya musanya ta da ƴar'uwarta don gudun gundura, ya goge alamar da kunne yake bi. Rabon surori ma baƙo ne a nassin, domin Stephen Langton ne ya tsara shi a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya buga su a 1551, kuma ba kullum suka yanka a gaɓa ba. Markus 2:1 zuwa 3:6 jayayya biyar ce tsakanin Yesu da malaman Attaura da Farisiyawa, wadda Joanna Dewey ta nuna tsarinta a 1980: warkar da shanyayye a farko, warkar da mai shanyayyen hannu a ƙarshe, cin abinci da masu karɓar haraji a mataki na biyu, zagar alkama ranar Asabar a na huɗu, sai tambayar azumi a tsakiya, inda aka fara jin cewa wata rana za a ɗauke ango daga abokansa. Lambar sura ta 3 ta faɗo tsakanin ta huɗu da ta biyar, saboda haka mai karatun da ya tsaya a ƙarshen sura ta 2 ya rufe littafi bai kai ga 3:6 ba, inda Farisiyawa suka fita suka haɗa kai da mutanen Hirudus a kan yadda za su hallaka shi.